Sanyin Legas ba ƙanen sanyin Kano ba ne

Da zarar Disamba ta raba, musu ɗaya ake tayarwa a teburin mai shayi daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Alaba Rago: wai shin Legas tana da hunturu kuwa? Sabon zuwa daga Kano ko Katsina zai yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, wannan ne sanyin? Ai da fanka nake kwana." Wanda ya daɗe a Ikko kuma ya nuna masa leɓensa da ya tsage, ya ce ga shaida. A ganina duka biyun yawan mayafin da aka lulluɓa kawai suke ƙirgawa. Abin da ya raba garuruwan nan shi ne laimar iska, da tsayin ƙasa, da tazarar da ke tsakanin zafin rana da sanyin asuba. Wanda ya riƙe waɗannan zai san abin da zai sa a jaka, da abin da zai loda a mota, da wanda zai lalace masa a hanya.

Iskar dai guda ce. Daga Sahara take kaɗowa ta arewa maso gabas, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris. Kaso mai yawa na ƙurar da take ɗaukowa daga kwarin Bodele ne a ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi. Duwatsun Tibesti da na Ennedi suna matse iskar a tsakaninsu, sai ta fito da ƙarfi ta kwashi ƙurar ta yo yamma da kudu. Daga kudu kuma akwai iskar teku mai laima. Mahaɗar biyun ba ta zama wuri ɗaya: a Agusta tana can arewa da Agadas, shi ya sa ake ruwa a duk Arewa, a Janairu kuwa ta gangaro har kusan bakin teku. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka wata huɗu cur take yi a cikin busasshiyar iska. Legas tana wajen digiri 6 da rabi, a bakin mahaɗar take zaune. Idan ta ɗan matso kudu, a tashi da hazo da bushewar maƙoshi. Idan ta koma arewa, gumi ya dawo. Dalilin ke nan hunturun Legas yake zuwa a gutsure, kwana uku yanzu, mako guda can gaba, wata shekarar ma da ƙyar a ce an gan shi.

A Kano asubahin Janairu yakan sauka wajen digiri 13, wani daren ƙasa da 10, amma kafin la'asar ma'auni ya kai 29 ko 30. Laimar iska da rana takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, sama kuma babu gajimare, saboda haka zafin da ƙasa ta sha da rana ba abin da ke tare shi da dare. Ka ƙara shiga hamada abin ya fi haka. A Bilma ta Jamhuriyar Nijar an taɓa auna ƙasa da sifili.

A Legas kuwa asuba ba kasafai take sauka ƙasa da digiri 22 ba, rana kuma 32 ko 33. Ruwan teku a Janairu yana wajen digiri 27 zuwa 28, kuma ba ya hucewa don rana ta faɗi. Tururin da yake zubawa a iska shi ne bargon garin, ana so ko ba a so. Da yamma iskar teku takan shigo ta kori busasshiyar, shi ya sa mazaunin Obalende ko Lekki ba ya jin abin da na Agege ko Ikorodu yake ji, balle na kasuwar Kara a hanyar Ibadan. Abin da baƙi ba su cika lura da shi ba shi ne, watannin da suka fi sanyi a Legas Yuli da Agusta ne, lokacin da gajimare ya rufe rana, teku ya huce, ma'auni ya tsaya wajen 28 da tsakar rana. Ɗan gwanjon da ya sari rigunan sanyi masu kauri don Disamba, gara ya tura su Jos.

Jos ɗin ma abin dubawa ce. Tana kudu da Kano da nisa, amma ta fi ta sanyi a jimillar shekara, domin tana kan tsayin mita 1,200 da ɗoriya, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Lissafa tsaunin Mambila a jihar Taraba, mai tsayin kusan mita 1,600, za ka ga ya fi bakin teku sanyi da wajen digiri 10, ko da hunturu ko babu. Shi ya sa ake noman ganyen shayi a Kakara, kamar yadda ake dankalin Turawa a Bokkos da Mangu. Sanyin tudu na duk shekara ne, na Kano na wata uku zuwa huɗu.

Kwari kuma ya fi kowane yaudara. A Lakwaja da Makurdi da Yola, da dare iska mai sanyi tana gangarowa ta kwanta a kan kogi saboda ta fi nauyi, asuba ta yi da hazo mai laima da ɗan sanyi mai daɗi. Rana na take, a koma digiri 34 ko 35. Direban da ya ratsa Lakwaja da asuba ya san hazon nan. Haɗuwarsa da ƙurar hunturu da hayaƙin ƙonan daji ita ce ke sa mutum bai ga tirelar da ta lalace a gabansa ba sai ya iso kanta. Dogon haske a irin wannan yanayi dawowa yake cikin ido, gajeren ake kunnawa, a rage gudu.

To, wanne ya fi? Mutanenmu da yawa a nan suna ɗaukar sauƙin sanyin Legas riba ce zalla. Ban yarda ba, kuma kasuwa ce hujjata.

Tumatirin da ke cika kasuwar Mile 12 daga Janairu zuwa Maris ɗan sanyin Arewa ne. Furen tumatir ya fi kama 'ya'ya idan dare yana tsakanin digiri 15 zuwa 20. Dare ya yi ɗumi da yawa, furen ya kakkaɓe, laima kuma ta jawo cutar ganye. Kadawa da Kura suna da sanyin dare da ruwan dam ɗin Tiga, Legas ba ta da na farkon. Alkama ma haka: ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba don ta yi ido kafin zafin Maris, wanda ya makara sai ya girbe tsamurarriyar ƙwaya. Amma tumatirin nan da aka tsinka a busasshiyar iska, idan aka danna shi a kwandon gargajiya, aka jera kwando kan kwando, aka yi tafiyar kilomita kusan 1,000, daga wajen Jebba zuwa ƙasa yana shiga ɗumi da laima. Na ƙasan kwando ya fashe, ruwansa ya jiƙa na kusa, ruɓa ta kama. Kwandon roba mai hudoji da ke ɗaukar kilo 25 ya fi, saboda nauyin na sama a kan robar yake sauka, iska kuma tana ratsawa. A tsinke shi yana ɗan jaja-jaja, kada a jira ya nuna luguf.

Masu kilishi sun fi kowa sanin bambancin. A Kano da hunturu, naman da aka fere siriri aka shanya a gadon kara yakan bushe a yini ɗaya, a tsoma shi a labu, a sake shanyawa, a nuna masa wuta. A Legas samansa ne ke bushewa, cikin da saura. Aka naɗe shi a leda da sauran ɗuminsa, kwana kaɗan sai fumfuna. Maganin shi ne a ƙara sirantar da yanka, a tsawaita gashi a kan garwashi marar harshe, a bari ya huce sarai, sannan a naɗe a takarda. Busasshiyar kuɓewa da kuka da barkono da aka kawo daga gida su ma suna tsotsar laima; a juye su a mazubi mai murfi tun ranar da suka iso, kada a bar su a buhu jingine da bango.

Kayan da ke tafiya Arewa kuma akasin haka suke gamuwa da shi. Gado ko ƙofar da kafinta ya haɗa a Legas da katakon da bai gama bushewa ba, idan ya sha hunturu ɗaya a Kano sai ya tsuke, mahaɗa ta buɗe, fuska ta tsage. Mai kai kayan ɗakin amarya ya fi masa alheri ya sayi katakon ya bar shi ya sha iskar can, a haɗa a can. Magini ma ya kula: simintin da aka zuba a Legas yana samun laimar da ke taimakonsa ya kama, amma a Sakkwato ko Maiduguri iskar tana zuƙe ruwansa kafin ya yi ƙarfi. Bayi safe da yamma na aƙalla kwana bakwai, da rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, ba zaɓi ba ne.

A gida, kuskuren ta fuska biyu yake zuwa. Uwa a Legas takan sa wa jariri hular ulu da safa da rigar sanyi saboda an ce hunturu ya shigo, alhali ɗakin yana digiri 27, sai ƙurajen zafi su feso masa a wuya da baya. Abin da yake buƙata man kaɗanya ne a fata da kariya daga ƙura, domin ƙurar nan haɗuwa take da hayaƙin motoci da janareta, mai asma ya fi kowa shan wuya. Idan kuma an tafi gida hutun ƙarshen shekara, yaran da aka haifa a nan ba su san asubahin digiri 12 ba. A tafi da rigar sanyi ta gaske. Kaskon garwashi kada ya kwana a ɗaki a rufe, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. Lokacin ne kuma sanƙarau yake fara yawo a Arewa, daga Disamba har faɗuwar damina. Annobar 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya. A duba rigakafin yara kafin a hau mota.

Mai tafiya ta jirgi ya duba hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, musamman nisan da ido ke iya gani. Idan aka ce ya sauka ƙasa da mita 1,000 a Kano ko Kaduna, a sa ran jinkiri ko soke tashi. Legas ma ba ta tsira ba: a Fabrairun 2020 hazo ya sa aka karkatar da jiragen ƙasashen waje zuwa Akara ta Gana. Wanda yake da ɗaurin aure ranar Asabar a Janairu ya yanki tikitin Alhamis.