Aikin Al-Ghanim bai kai ga kowane makaho ba tukuna

Wani rahoto da na karanta ya yi gaskiya da ya ce gwagwarmayar Sheikh Abdullah al-Ghanim ce ta taimaka wajen buɗe wa makafi ƙofar karatun zamani a Saudiyya, domin shi kansa makaho ne, ya koyi rubutun makafi na Braille ya koyar da 'yan'uwansa makafi tun kafin a buɗe Ma'ahadun Nur, makarantar makafi, a Riyad a 1960, kuma a 1984 aka zaɓe shi shugaban farko na Ƙungiyar Makafi ta Duniya. Sai dai ban yarda da wani malami da ya yi sharhi a kan rahoton yana cewa an gama da matsalar karatun makafi ba. A unguwarmu a nan Makka akwai ɗan ƙanwata makaho mai shekara tara, wanda ya haddace izu goma ta hanyar sauraro kawai, amma sau biyu ana mayar da mahaifiyarsa daga wata makaranta saboda takardun zamansu ba su cika ba. Wani dattijo makaho ne yake koya masa a zaure bayan la'asar, yana riƙe da yatsan yaron yana bi da shi kan ɗigo shida na kowane gurbi, har yaron ya fara huda takarda da tsinken rubutu da kansa. Ƙasar da Sheikh Bin Baz ya zama babban muftinta ba tare da gani ba ta san darajar makaho, to su wane ne za su ɗauki nauyin 'ya'yan baƙi irin wannan yaro, hukuma ko attajiranmu Hausawa da ke Jidda da Madina?