Korona: a daina yi wa waɗanda suka ƙi bin doka kuɗin goro

Jama'a, har yau in aka ɗauko zancen korona sai a rabu gida biyu. Wasu sun tsaya kai da fata cewa kulle da takunkumin fuska duk zalunci ne da yaudara. Wasu kuma gani suke duk wanda ya karya dokar jahili ne da bai san ciwon kansa ba. Ni ban gamsu da ko ɗaya ba, domin kowane ɓangare kuɗin goro ya yi wa mutane. Wanda ya fita lokacin kulle saboda ba abin da za a ɗora a gidansa daban yake, wanda ya ƙi rufe hanci da baki don kada a ce an ba shi umarni shi ma daban yake. Na farkon ina ba shi uzuri har cikin zuciyata, amma na biyun har gobe ina da magana da shi.

Mu fara da kullen. A ranar 23 ga Janairun 2020 aka rufe birnin Wuhan na ƙasar Sin, birni mai mutum kusan miliyan 11, kuma sai da ya yi kwana 76 a rufe. Italiya ta biyo baya a farkon Maris. A ranar 11 ga watan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya, daga nan ƙasashe suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kwaikwayon abin da ya gani a wajen wani. Inda abin ya fi tsaya mini a rai shi ne Indiya. A daren 24 ga Maris Firaminista Narendra Modi ya sanar da kulle na kwana 21 ga mutum sama da biliyan 1.3, kuma awa huɗu kacal aka ba su kafin dokar ta fara aiki. Jiragen ƙasa na fasinja sun tsaya, motocin haya sun tsaya, wuraren gini da masana'antu an rufe. Leburorin da suka zo ci-rani manyan birane suka wayi gari ba aiki, ba kuɗin haya, ba abin hawa. Sai suka ɗora kayansu a ka, suka saɓa 'ya'yansu, suka kama hanyar ƙauyukansu a ƙafa, wasu tafiyar ɗaruruwan kilomita. A watan Mayun shekarar, 16 daga cikinsu gajiya ta kwantar da su a kan layin dogo kusa da Aurangabad, jirgin dakon kaya ya bi ta kansu.

Don Allah wa zai dubi waɗannan bayin Allah ya ce taurin kai ne ya fitar da su? Dokar an tsara ta ne da tunanin mutumin da albashinsa ke shiga asusu ko ya fita ko bai fita ba, mai firji, mai ɗakin da zai killace mara lafiya, mai aikin da za a iya yi ta kwamfuta. Alhali Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta daɗe tana faɗa cewa sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, wato mutum kusan biliyan 2, ba su da takardar ɗaukar aiki balle albashin da ke jiransu. Rayuwarsu hannu baka hannu ƙwarya ce, sai an fita ake samu. Ka ce wa irin wannan magidanci ya zauna a gida mako uku ba ka ajiye masa komai ba, to ka ba shi zaɓi ne tsakanin cutar da mai yiwuwa ta kama shi da yunwar da tabbas za ta kama yaransa. Kowane uba ya san wanda zai zaɓa.

Ba cewa nake kulle ba shi da amfani ba. Cuta ce mai bin numfashi daga mutum zuwa mutum, in aka rage cuɗanya dole yaɗuwarta ta ragu. Sai dai kulle ba ya kashe ƙwayar cuta, lokaci kawai yake saya wa hukuma domin ta tanadi kayan gwaji, gadajen asibiti, iskar oksijin da ma'aikatan da za su bi sawun waɗanda suka kamu. Gwamnatin da ta rufe mutane ba ta ciyar da su ba, kuma ba ta yi komai da lokacin da ta saya ba, ita ce ta fara karya alƙawari. Ga kuma yara: a ƙololuwar abin, ɗalibai kimanin biliyan 1.6 aka rufe wa makarantu a faɗin duniya, kuma da yawa daga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ba su sake komawa aji ba. Iyayen da suka yi fushi kan wannan suna da gaskiya.

Sai kuma maganar da ta fi kowace yawo: "Ni fa ban taɓa ganin mai korona ba." Wannan ma na fahimci inda ta fito, domin mun saba cewa gani ya kori ji. Amma annoba ba ta bin ƙa'idar ido. Ɗauka mutum 100 ne suka kamu a babban birni, kuma adadin na ninkawa duk mako. Mako na biyu 200, na uku 400, babu wanda zai lura. Bayan mako goma an haura 100,000. Ƙari a kan haka, tsakanin ranar da mutum ya kamu da ranar da zai kwanta asibiti ko ya rasu ana ɗaukar makonni, don haka gawawwakin da ake gani yau labarin makonnin baya suke bayarwa. Kafin ido ya gani, aikin gama ya gama. Haka ta faru a Manaus ta Brazil a Janairun 2021, lokacin da oksijin ya ƙare a asibitoci, dangi suka riƙa bin layi da tukwanen iska don ceto nasu. Haka ta faru a Indiya a watannin Afrilu da Mayun 2021, bayan an saki jiki an koma manyan tarukan siyasa da na addini, har adadin masu kamuwa ya zarce 400,000 a rana guda. Wani abin da ke ƙara rikita mutane shi ne, in matakin kariya ya yi aiki ba a ganin komai. Wanda bai kamu ba bai san an kare shi ba, sai ya ce da ma can babu cutar.

Yanzu bari in zo kan takunkumi, don a nan ne nake da zafi.

Da farko dole a faɗi laifin hukumomi. A watannin Fabrairu da Maris na 2020 manyan jami'an lafiya sun riƙa cewa mai lafiya ba ya buƙatar takunkumi. A farkon Afrilu hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sauya magana, ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya sai a watan Yuni ta ba da shawarar jama'a su riƙa sawa a wuraren cunkoso. Dalilai biyu ne suka sa aka yi maganar farko: takunkumin ya yi ƙaranci har likitoci da nas-nas ba sa samu, sannan ba a gama gane cewa mutum na iya yaɗa cutar tun bai fara jin komai a jikinsa ba. Da tun farko an fito an ce, "Jama'a, abin ya yi ƙaranci, ku bar wa ma'aikatan asibiti, kuma har yanzu muna bincike," da mutane da yawa sun fahimta. Amma aka yi magana da cikakken tabbaci, aka dawo aka yi kishiyarta da irin wannan tabbacin, ba tare da an zauna an yi bayani ba. Ilimi yana sauyawa in sabuwar hujja ta zo, wannan ba abin kunya ba ne. Ɓoye wa mutane dalilin sauyin shi ne ya ci amana.

To amma duk da haka, me takunkumi ya rage wa mutum? Bai hana shi fita nema ba, bai rufe masa shago ba, bai raba shi da iyalinsa ba. Iyakarsa zafi, gumi, da hazo a gilashin mai tabarau. Kuma amfaninsa mafi girma ga na kusa da kai yake, tun da kana iya ɗauke da cutar ba ka sani ba. Babu mai cewa katanga ce. Na ƙyalle bai kai na asibiti ba, na asibiti bai kai N95 ba, wato takunkumi na musamman mai tace iska sosai. Wani babban bincike da aka yi a ƙauyuka 600 na Bangladesh, wanda ya shafi mutum kusan 340,000, ya nuna cewa inda aka raba takunkumin asibiti aka kuma ƙarfafa sawa, masu kamuwa sun ragu da kusan kashi 11 cikin 100, a tsakanin 'yan sama da shekara 60 kuwa ragin ya kai kusan kashi 35. Wani zai ce kashi 11 ai kaɗan ne. A cikin mutum miliyan ɗaya da za su kamu, kashi 11 ya haura mutum dubu ɗari, kuma cikinsu akwai tsohuwar wani, akwai mai ciwon suga, akwai mai asma.

Duk mun ga mutumin da ke rataye takunkumi a haɓa, hanci da baki a waje, sai ya hango jami'in tsaro ya yi sauri ya ja shi sama, yana wucewa ya sake saukewa. Wannan ya ɗauka tsakaninsa da hukuma ne, alhali tsakaninsa ne da dattijon da ke zaune gefensa a mota. A daidai wannan lokacin akwai nas ɗin da ke cire nata bayan aikin awa goma sha biyu, igiyar ta yi mata shata a kunci, karan hancinta ya saluɓe, gobe kuma ta sake ɗaurawa a kan ciwon. Duk lokacin da na tuna waɗannan fuskoki biyu, zuciyata ba ta iya karɓar hujjar "'yancina ne." Ba sabon hali ba ne kuma. A annobar murar 1918, a birnin San Francisco har ƙungiyar adawa da takunkumi aka kafa a farkon 1919.

Masu fakewa da tawakkali su ma ina roƙonsu su sake dubawa. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka sanar da shi annoba ta sauka a can, juyawa ya yi da jama'arsa. Da aka ce masa ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. A 2020 ma mun ga filin ɗawafi fayau, aikin Hajjin shekarar kuma mutane ƙalilan mazauna Saudiyya ne kaɗai suka yi shi. Wanda ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah bai rage komai daga imaninsa ba.

Sai dai abin da ya fi ɓata lamarin gaba ɗaya shi ne halin shugabanni. A Ingila, a watan Afrilun 2021, duniya ta ga Sarauniya Elizabeth zaune ita kaɗai da baƙin takunkumi a jana'izar mijinta saboda dokar ba da tazara. Daga baya aka gano cewa a daren jajibirin jana'izar an yi shagali a fadar firaminista. 'Yan sanda sun yanka tara har 126 kan tarukan da aka yi a ofisoshin gwamnati lokacin kulle, ciki har da ta firaministan lokacin, Boris Johnson, kansa. Ka tuna akwai mutanen da ta waya suka yi ban kwana da iyayensu don bin wannan dokar. A Brazil, shugaban ƙasar na lokacin, Bolsonaro, 'yar mura ya kira cutar, ƙasar kuma ta rasa mutum kusan 700,000. A Sin, wani likita da ya gargaɗi abokan aikinsa tun da wuri, Li Wenliang, 'yan sanda ne suka kira shi suka ja masa kunne, cutar kuma ta kashe shi a Fabrairun 2020. Gwamnatin Sin ɗin ce daga baya ta tsananta kulle har mutane suka fito zanga-zanga a Nuwamban 2022, bayan gobara ta kashe mutum 10 a wani bene a Urumqi. Afirka ta Kudu kuwa da ta yi gaskiya ta sanar da sabon nau'in korona mai suna Omicron a Nuwamban 2021, sakayyar da ta samu ita ce aka hana jiragenta da na maƙwabtanta shiga ƙasashe da dama. Mutumin da ya ga duk wannan, in ya fara saurarar masu jita-jita a WhatsApp, ba daga sama abin ya faɗo masa ba. Amma rashin adalcin shugaba bai halatta mini in yi wa maƙwabcina tari a fuska ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 kaɗai, mutum kusan miliyan 14.9 ne suka rasu fiye da yadda aka saba, sanadin annobar kai tsaye ko ta dalilin asibitoci da suka cika. A watan Mayun 2023 ta janye matakin gaggawa da ta ayyana kan cutar, a Mayun 2025 kuma ƙasashe suka amince da yarjejeniyar shirin tunkarar annoba ta gaba. Yarjejeniyar ta yi magana kan raba rigakafi da magunguna tsakanin ƙasashe, kuma ina maraba da ita. Abin da nake so in gani a kowace ƙasa shi ne rajistar masu neman na yau da gobe, a shirye tun yanzu, da hanyar da tallafi zai isa hannunsu kafin a ce kowa ya shiga gida, da kuma dokar da za ta hau kan minista kamar yadda take hawa kan ɗan acaɓa. In aka sake rufe gari ba tare da waɗannan ba, ina tare da magidancin da zai fita nemo wa yaransa abinci, kuma zan roƙe shi ya sa takunkuminsa yadda ya kamata, ya rufe hanci da baki.