Muryar da ta dishe sama da mako uku, ba mura ba ce

Jama'a ku yi haƙuri, yau rubutun zai ɗan yi tsawo. Maganar ciwon dajin maƙogwaro nake so mu yi, mu mutanen karkara, daga Gaya zuwa Ringim, daga Kazaure zuwa Gwaram.

Kowa ya san yadda abin yake tafiya a wurinmu. Muryar dattijo ta dishe, a ce sanyin hunturu ne. Bayan wata guda a je kemis a karɓo ampiclox da maganin tari. Tuwo ya fara tsaya masa a wuya, a ce belu ne, a kira wanzami ya yanke. Wani ƙullutu ya fito a gefen wuya, tauri kamar dutse, ba ya zafi, a ce kaluluwa ce, a yi sakiya ko a kafa ƙaho. Daga tuwo ya koma fura, daga fura ya koma koko mai ruwa-ruwa, riga ta yi masa yawa. Sai ranar da aka fara jiyo ƙarar numfashinsa daga zaure, sannan a nemi mota. Idan aka isa asibiti a wannan halin, likita ba ta maganin ciwon yake ba tukuna, huda wuya zai yi ya sa bututu don mutum ya samu ya shaƙi iska.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ciwon nan yana warkewa idan an tare shi da wuri. Dajin da ke kama wurin fitar murya, in an gano shi yana ƙarami, mafi yawan masu shi suna warkewa, muryarsu ma ba ta tafiya. Shi wannan ya fi kama manya masu shan taba. Amma akwai wani da ke ɓuya can bayan hanci, sama da maƙogwaro, yana da alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr, kuma har samari yana kamawa, waɗanda ba su taɓa sa sigari a baki ba. Alamunsa masu yaudara ne: hanci ɗaya a toshe, haɓo jefi-jefi, kunne ɗaya ya daina ji sosai, sai ƙullutu a wuya. Tarin fuka ma yana kumbura wuya, shi ya sa ido kaɗai ba ya raba gardama.

Binciken ba abin tsoro ba ne. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro zai zura siririn bututu mai kyamara ta hanci, kana zaune idonka biyu, cikin 'yan mintoci ya ga komai. In ya ga tsiro, sai a ɗebi ɗan guntun tsoka a kai ɗakin gwaji, a yi hoton CT a ga iyakar inda ya kai. To a nan ne dangi suke ɗauke majinyaci su gudu, wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Don girman Allah mu bar maganar nan. Ba gwajin ne ke yaɗa ciwon ba, mun dai saba kai mutum ne bayan ciwon ya gama yaɗuwa, sai ya rasu a ɗora wa allura laifi. Kuma aska ta wanzami da ƙarfen sakiya, su ba ƙarfe ba ne?

Akwai waɗannan likitoci a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Wahalar tana wajen magani. Gashin ciwon daji da ake yi da hasken na'ura yakan ɗauki mako 6 zuwa 7, kwana biyar a kowane mako, sau da yawa haɗe da allurar cisplatin, wani maganin kashe ƙwayoyin daji. Shekara da shekaru mutanenmu asibitin Shika da ke Zariya ko Abuja ake tura su. Ka lissafa kuɗin mota, masauki, abincin mai jinya, ga gona an bari. Asusun tallafin masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 da dajin mama, na bakin mahaifa da na prostate (wata gaɓa a ƙasan mafitsarar maza) ya fara. Manomin da maƙogwaronsa ya toshe fa?

Ni ban ga amfanin zagin wanzamai da masu kemis ba. Su ne ke fara ganin majinyacin nan, watanni kafin likita ya gan shi, kuma mutane suna jin maganarsu. Ma'aikatun lafiya na Kano da Jigawa su zauna da sarakunan aska da ƙungiyar masu kemis, a koya musu abu ɗaya tak: dishewar murya, wahalar haɗiya ko ƙullutun wuya da ya haura mako uku, kada a yanka, kada a ƙara magani, a tura asibiti. Ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye shi ma ya rubuta takardar turawa kai tsaye zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro, ba wai ya sake rubuta wani kafso ba. Limamai su faɗa ranar Juma'a, masu unguwanni su faɗa a wurin suna da ɗaurin aure.

Idan akwai mai irin alamun nan a gidanku, ku kai shi cikin makon nan, ku kuma tsaya har sakamakon gwajin tsoka ya fito. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.