Ga Matasan Zawiyoyin Kano: Ina Wuridinmu Yake Tafiya?

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku da kuke cika da'irar wazifa bayan magariba, da ku da kuke kwana da bandiri a Kabara idan lokacin maukibi ya zo. A cikinku na tashi, saboda haka maganata ta ɗan gida ce.

Makon jiya a kasuwar Sabon Gari na ga abin da ya hana ni barci. Wani yaro na zawiyar unguwarmu, carbinsa a wuya, ciniki ya ɓaci tsakaninsa da wani ɗan kasuwa Kirista a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, sai ya ajiye maganar kuɗin ya koma zagin addinin mutumin, yana ta nanata masa kalmar arne a gaban jama'a. Da aka kira la'asar kuwa, shi ne a sahun gaba. Na dawo gida ina tambayar kaina: istigfari ɗari da salati ɗari da hailala ɗari da wannan yaro yake ja safe da yamma a matsayin wuridinsa, ina suke tafiya?

Abin da malamanmu suka karantar da mu shi ne, sufanci sunan matakin ihsani ne da ya zo a hadisin Jibrilu, wato ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, in ba ka ganinsa to shi yana ganinka. Aikinsa wanke zuciya, kuma cututtukan da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsaya a kansu su ne girman kai da jiji da kai da hassada da riya. Babu abin da ke firgita sufi na gaskiya kamar ƙarshen rayuwa, domin bai san a kan me za a karɓi ransa ba, bai kuma san a kan me za a karɓi ran wanda yake rainawa ba. Sayyadina Umar da takobi ya fito don ya kashe Manzon Allah (SAW), ga shi yau yana kwance kusa da shi a Madina. Mutumin da wannan tsoro ya zauna a zuciyarsa ba zai iya kallon ɗan Adam kallon ƙasƙanci ba, kuma a ganina daga nan ne ƙofar fahimtar juna da waɗanda ba Musulmi ba take buɗewa.

Kada wani ya ɗauka ina kira ne a cuɗa addinai. Akwai masu tallata wani sufanci a ƙasashen Turai da Amurka, wanda babu sallah babu shari'a a cikinsa, suna tsinto baitocin Jalaluddin Rumi suna cire musu Alƙur'anin da ya haife su. Wannan ba tafarkin Shehu Abdulƙadir Jilani ba ne, ba na Shehu Ahmadu Tijjani ba ne, kuma Shehu Nasiru Kabara na Ƙadiriyya da malaman Salga na Tijjaniyya ba su bar mana shi ba, domin su masana fiƙihu da tafsiri ne kafin komai. Addininmu namu ne, nasu nasu ne. Amma Alƙur'anin da ya faɗi haka shi ne ya hana mu zagin abin da wasu suke bauta wa a aya ta 108 ta Suratul An'am, shi ne kuma ya ce a aya ta 8 ta Suratul Mumtahana Allah bai hana mu kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba. Bukhari ya rawaito cewa Annabi (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawa, da aka ce masa ta Bayahude ce sai ya ce, ashe ba rai ba ce?

Ina so kowane muridi ya san labarin Amir Abdulƙadir na Aljeriya, Baƙadire ɗan gidan shehunnan Ƙadiriyya. Shekara goma sha biyar ya yi yana yaƙar sojojin Faransa, daga 1832 zuwa 1847. Sun cinye ƙasarsa, sun yi masa alƙawari sun saɓa, sun tsare shi a ƙasarsu har 1852, daga baya ya zauna a Dimashƙa yana karantarwa. A watan Yulin 1860 tarzoma ta ɓarke a birnin, aka far wa unguwar Kiristoci da kisa da ƙone-ƙone. Wannan bawan Allah, wanda ya fi kowa dalilin riƙe Kirista a zuciya, sai ya fito da mutanensa 'yan Aljeriya suna bin lunguna suna kwaso mata da yara da limaman coci, ya cika gidansa da su, ya tsaya tsakaninsu da masu neman jininsu, har dubban rayuka suka tsira ta hannunsa. Bai sassauta aƙidarsa ko da ƙwayar zarra ba, shari'ar Annabi ce ta tsayar da shi a bakin ƙofar nan, kuma tarbiyyar ɗariƙa ce ta ba shi ikon danne fushin shekaru. Duk sanda na tuna shi sai na ji kunyar yadda rubutu guda a Facebook yake isa ya tunzura mu.

Mu a Kano ba labari aka ba mu ba. Iyayenmu sun ga rikicin addini na Oktoban 1991, da yawanmu mun ga na Mayun 2004, mun san hayaƙin da ya tashi da shagunan da ba a sake buɗewa ba. Mun kuma ga Janairun 2012, lokacin zanga-zangar tallafin mai, yadda Kiristoci suka kewaye Musulmi suna gadinsu har suka idar da sallah. Sannan abin takaici, ko a tsakaninmu masu alƙibla ɗaya, ɗan Tijjaniyya da ɗan Ƙadiriyya da ɗan Izala, harshenmu bai kuɓuta ba, kuma wanda ya saba yankan ɗan uwansa da baki ba zai ji nauyin baƙo ba.

Don haka ina roƙon muƙaddamanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, idan za su ba yaro wuridi su riƙa tambayarsa yadda yake zaune da maƙwabcinsa da abokin cinikinsa, kamar yadda suke tambayarsa sallolinsa. Ku kuma ƙannena, idan abokin aikinku Kirista ya kwanta ciwo ku je ku duba shi, idan kun karɓi bashinsa ku biya a kan lokaci, idan ya tambaye ku game da Musulunci ku amsa masa da ilimi da sakin fuska, in ba ku sani ba ku kai shi wurin wanda ya sani.

Shi kuwa yaron nan, na tare shi bayan wazifa muka zauna a soro. Da farko ya yi ta kare kansa, daga baya ya sunkuyar da kai ya ce zai koma ya ba mutumin haƙuri, sai dai yana jin nauyin tafiya shi kaɗai. Mun yi da shi ranar Asabar da hantsi zan raka shi, in Allah ya kai mu.