Tukunyar da Ta Hau Dandamali

A ƙarshen makon jiya 'yar yayata da ke karatu a Samaru ta matsa mini lamba sai na raka ta wani bikin baje kolin abinci da aka shirya a wani filin taro a nan Zariya, kuma tun da na dawo gida nake juya abin da na gani a raina. Ba zan ambaci wurin ko waɗanda suka shirya ba, domin ba da su nake ba, kuma sun yi iya ƙoƙarinsu.

An kafa rumfuna a kewaye, an ɗaure manyan lasifikoki, sannan a tsakiyar filin aka gina dandamali aka ɗora masa teburin ƙarfe da murhun gas mai kai biyu. Da la'asar sakaliya mai gabatarwa ya fara zuba kirari kamar za a fito da ɗan dambe, sai ga wani saurayi ya hau cikin farar riga mai maɓallai layi biyu, da doguwar hula, da baƙar safar hannu. Ya yanka albasa da saurin da ban taɓa gani ba, idonsa yana kan jama'a, wuƙa tana ta aikinta. Ya watsa mai a kasko wuta ta yi sama, wuri ya kaure da ihu, wayoyi suka tashi kamar an ba da umarni. Da ya zo sa gishiri sai ya lanƙwasa hannu ya barbaɗo shi daga sama, nan ma aka sake wata sowar. Bayan kusan minti arba'in aka kammala faranti ɗaya tak, da yankan naman da bai wuce tafin hannu ba, an ɗiɗɗiga masa miya a gefe kamar zanen lalle. Mutum uku aka kira suka ɗanɗana, suka gyaɗa kai. Sauranmu kuwa tafi muka yi wa abincin da ko ƙamshinsa bai iso inda muke tsaye ba.

Da muka fito, a bakin ƙofa muka tarar da wata dattijuwa da tandarta tana suyar waina, kuma mutanen da suka gama tafi a ciki su ne suka yi mata layi, har da mu. 'Yar yayata ta lura da irin kallon da nake yi, ta ce, "Kawu, ai na ciki shef ne, wannan kuwa mai waina ce." Na ce mata na ji, amma ta duba ta ga a gaban wa yunwa ta tsayar da mu.

Wannan salon barbaɗa gishiri ba a Zariya aka ƙirƙiro shi ba. Wani mahauci ne ɗan Turkiyya, Nusret Gökçe, wanda duniya ta fi sani da Salt Bae, ya yi shi a wani gajeren bidiyo a farkon 2017, kuma da wannan motsin hannu kaɗai sunansa ya kai inda naman da yake gasawa bai kai ba, har aka gan shi a cikin fili yana riƙe da kofin duniya bayan wasan ƙarshe a Katar a 2022. Kafin shi talabijin ta daɗe tana share fage: BBC ta fara gasar MasterChef a 1990, a Amurka kuma aka buɗe tashar da ba ta nuna komai sai girki a 1993, har aka kai ga irin su Gordon Ramsay, mai girkin nan ɗan Birtaniya, wanda da yawa daga masu kallonsa sun fi sanin faɗansa da tsawarsa fiye da miyarsa. Abin da wayar hannu ta ƙara shi ne ta ba kowa tasharsa, ta kuma koya wa mai girki cewa daƙiƙa goman farko su ne za su tsayar da yatsan mai kallo ko su bar shi ya wuce.

Mu a Nijeriya ranar da abin ya zama na kowa da kowa sananniya ce. A watan Mayun 2023 Hilda Baci ta tsaya a Legas tana girki dare da rana, jama'a suka yi dafifi, mawaƙa da manyan 'yan siyasa suka riƙa zuwa gaishe ta, kuma kundin bajinta na Guinness ya tabbatar mata da sa'o'i 93 da minti 11, ta zarce sa'o'i 87 da minti 45 da Lata Tondon ta Indiya ta kafa a 2019. Sa'o'i 100 Hilda ta yi a gaban murhu, aka zaftare mata kusan bakwai saboda kuskuren lissafin lokacin hutu. Shekarar ba ta ƙare ba wani ɗan Ailan mazaunin Japan, Alan Fisher, ya karɓe kambun da sa'o'i 119 da minti 57. A Janairun 2024 Failatu Abdul-Razak ta yi sa'o'i 227 a Tamale ta ƙasar Gana, gari ya tsaya cak dominta, amma daga baya Guinness ta ƙi amincewa, ita ma saboda ƙa'idar hutu. Hilda ta dawo a Satumban 2025, nan ma a Legas, da babbar tukunyar dafa-duka da aka auna abincinta ya kai kilo 8,780.

Ba na cikin masu raina wannan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin murhu na yini ɗaya ya san abin da zafi da hayaƙi suke yi wa ido da gadon baya, balle kwana huɗu. Kuma dole in yi adalci in ce abincin da Hilda ta dafa an raba wa jama'a sun ci. Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina shi ne darajar da sana'ar ta samu. A da, idan aka ce wane kuku ne, abin da ke zuwa zuciya shi ne yaron Bature a Ji'ara, tsohuwar unguwar Turawa, kuma namijin da ya riƙe ludayi a kasuwa kowa ya san sunan da ake laƙaba masa. Macen da ta iya girki kuwa ba a ɗauki abin a matsayin gwaninta ba, an ɗauke shi wajibin da aka haife ta da shi, shi ya sa ba a yi mata godiya sai dai a yi mata ƙorafi ranar da gishiri ya zarce. Yau yarinya a Tudun Wada ko Gyallesu tana iya buɗe shafi a Instagram, ta koyar da girki ta waya, ta karɓi odar abincin biki, ta biya wa kanta kuɗin makaranta daga ɗakin girkin mahaifiyarta. Wanda ya ce wannan ba ci gaba ba ne, to bai taɓa neman kuɗin rajista ya rasa ba.

Haka kuma ba gaskiya ba ne a ce haɗa abinci da kallo baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Mahauta suna da kalangunsu tun kaka da kakanni, kuma hawan ƙaho wasan 'yan fawa ne da ake taruwa a kalla kafin a kai ga yanka. Mai tsire yana jera tsinkensa a kewayen tukuba a bainar jama'a, kana tsaye yana juyawa yana shafa mai, ka nuna wanda kake so da yatsa. Mai shayi yana ɗaga kofi sama ya tsiyayo ruwan cikin wani kofin ba tare da ɗigo ya zuba ba, kuma shi ma ya san ana kallonsa. Sai dai a duk waɗannan wasan yana da aiki: ɗaga shayin yana huce shi ya haɗa madarar da sukari, juya tsiren yana hana shi ƙonewa, sannan a ƙarshe abin a bakinka zai sauka, kai ne alƙali, in bai yi ba gobe ba za ka dawo ba.

A nan ne sabon salon ya raba hanya da tsohon. Kundin Guinness yana ƙirga sa'o'i, yana auna kilo, kyamara tana kama harshen wuta da walƙiyar wuƙa, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke iya sanin ko daddawa ta ji a miya. Da zarar alƙalanci ya tashi daga harshe ya koma ido, mai girki zai fara zaɓar abin da ke kyau a hoto, kuma a wannan gasar abincinmu ne zai sha kaye tun ba a fara ba. Miyar kuka ba ta da kyan gani. Ɗanwake ba ya tashin wuta. Faten tsakin da ake yi wa mu Zazzagawa tsiya da shi, in ka zuba shi a faranti ka ɗauka a hoto, ba zai ja hankalin wanda bai taɓa shan sa ba, alhali sanin lokacin da za a zuba tsakin don kada ya yi gudaji, da daidaita tsamin yakuwa da ɗacin gauta da maiƙon gyaɗa, ilimi ne da ake shekaru ana koyo. A rumfunan da na zagaya ranar nan na ga shawarma da biza da soyayyar shinkafa iri-iri, ban ga fate ko a rumfa ɗaya ba, a cikin garin Zariya.

Akwai kuma abin da ke sosa mini rai, ko da yake na san wasu za su ce na cika tsanani. Watan da aka yi bikin sa'o'i 93 shi ne watan da aka cire tallafin man fetur, kuma zuwa tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Tarbiyyar da aka yi mana ita ce ba a cin abinci a gaban mutum ba tare da an ce masa bismillah ba, kuma ana rufe kwano idan za a ratsa da shi ta zaure. A ranar bikin nan na Zariya almajirai suna jingine da shingen waya suna leƙen naman da ake ƙonawa domin a burge masu tikiti. Ban ce a hana nishaɗi saboda ana yunwa ba, amma taron da aka kira domin abinci, aka tashi mafi yawan mahalarta ba su ci ba, na waje kuma ba a tuna da su ba, akwai abin dubawa a cikinsa.

In har za a ci gaba da irin wannan taro a Zariya, kuma na san za a ci gaba, ina ganin muna da abin da Legas ba ta da shi. A Samaru cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta shafe shekaru tana fitar da irin masara da dawa da wake da gyaɗa, a Shika kuma ga cibiyar binciken dabbobi, ga manoman kayan miya a fadamun da ke kewaye da mu. Me zai hana a haɗa manomi da mahauci da uwar tuwo a dandamali ɗaya, a dafa abin da ƙasar nan ke fitarwa, a zuba wa kowa a kwano, jama'a su zaɓi gwani da bakinsu? Matasan da suka iya kyamara su ɗauka, domin wannan fanninsu ne kuma sun fi mu iyawa. Hausawa sun tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani kullum, kuma ina jin abin da ya sami masu girkinmu ke nan.

Ina da goggo a cikin birni wadda ta fi shekara talatin tana girkin biki. Ita ce ake kira idan za a aurar da 'ya, ta iso tun asuba ta sa a kafa duwatsun murhu, ta tuƙa tuwon da sai mata biyu sun riƙe tukunyar, kuma ban taɓa ganin ta auna gishiri da cokali ba. Takan ɗiga miyar a tafin hannu ta lasa, ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce a ƙara ko a bari. Shekaranjiya na kai mata ziyara tare da 'yar yayata, muka nuna mata bidiyon babbar tukunyar Legas a waya. Ta kalla har ƙarshe, ta ce lallai yarinyar nan jaruma ce, Allah Ya yi mata albarka, sannan ta tambaya yadda aka yi ƙasan tukunyar bai kama ba. Ba mu da amsa. 'Yar yayata ta ce, "Goggo, in na zo da kyamara ranar bikin gidan maƙwabtanku za ki bari in ɗauke ki?" Goggo ta ce ta zo, amma ta taho da zanin aiki, domin akwai yakuwar da za a tsinke kafin a fara ɗaukar komai.