"Ku Yi Gaba, Ina Zuwa"

'Yan'uwana cikin Almasihu, musamman ku da kuke aikin ofis a nan Kano, salama a gare ku. Akwai wata ƙarya da na yi kusan shekara biyu ina yi, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Sunana irin na gida ne, Hausa na tashi da ita, kaftani da hula nake sawa. Da na kama aiki, kowa ya ɗauka ni Musulmi ne, ni kuma ban gyara musu ba. Idan an kira azahar, abokan aiki su miƙe su ce, "Malam, mu je," sai in ce, "Ku yi gaba, ina zuwa." In zauna ina jujjuya fayil har su dawo. Ranar Lahadi kuma ga ni a majami'a a Sabon Gari, muryata ta fi ta kowa a waƙa. Bitrus sau uku ya yi musun Ubangijinsa ya fita ya yi kuka mai zafi. Ni kullum nake yi, idona a bushe.

Na san tsoron, ba zan raina shi ba. Iyayenmu sun ga rikicin addini na Oktoba ta 1991 a nan Kano, mu mun ga na Mayu ta 2004, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga fargabar ƙarin girma, ga ta canjin wurin aiki. Shi ya sa Yesu ya ce a Matta 10:16 mu zama masu wayo kamar macizai, marasa ɓarna kamar kurciyoyi. Amma wayo daban, ƙarya daban. Abin da nake yi ba wayo ba ne, kunyar sunansa nake ji, kuma Markus 8:38 bai bar mai wannan kunya da wurin fakewa ba.

Asirina ya tonu ne wata Lahadi. Wani dattijo da muke ofis ɗaya ya zo sayen kayan mota, ya gan ni na fito daga sujada da Littafi Mai Tsarki a hannu. Ranar Litinin ya kira ni gefe. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce, "Ɗana, addininka naka ne. Abin da ya ɓata mini rai, kullum kana cewa kana zuwa." Na rasa bakin magana. Ga mutumin da yake shimfiɗa dardumarsa a gaban kowa ba ya jin nauyin kowa, ni kuma da nake cewa na san Mai Ceto ina laɓe-laɓe. A ranar Musulmi ne ya yi mini wa'azi.

Ku duba Daniyel. Ma'aikacin gwamnati ne a ƙasar da ba ta bin Allahnsa, kuma babba ne. Sura ta 6 ta ce maƙiyansa sun bincike aikinsa kaf, ba su sami ha'inci ko sakaci ba. Sai bayan haka aka ba mu labarin tagoginsa a buɗe, yana durƙusawa sau uku a rana kamar yadda ya saba. Ku lura da jerin: aikin tukuna, sannan tagar. Idan kana makara, kana karɓar na goro kafin fayil ya motsa, kana sa hannu a takardar kuɗin da ka san an ƙara mata sifili, to bayyana bangaskiyarka zagi za ta jawo wa sunan Yesu. Kolosiyawa 3:23 ta ce mu yi aiki da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji muke yi wa.

Kuma ba mu muka fara ba a Arewa. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Anchau, likita ne, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe ministan harkokin waje a zamanin Shagari. Da sunansa Ishaya ya yi duk wannan, kowa ya san abin da yake bi. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ma ya ba kowa 'yancin addininsa, ko da yake mu ba daga takarda ƙarfin zuciyarmu yake fitowa ba.

Kada wani ya ji wannan ya je ya mai da ofis dandalin muhawara. Ba a ɗauke ka aiki don ka yi wa'azi a lokacin aiki ba, kuma taɓa addinin wani a zauren WhatsApp na ma'aikata ba shaida ba ce, rashin tarbiyya ne. 1 Bitrus 3:15 cewa ta yi mu zauna a shirye mu amsa wa wanda ya tambaye mu dalilin begenmu, cikin tawali'u da girmamawa. Wanda ya tambaya. To, yaya za a tambaye ka in ba a san kana da begen ba?

Yanzu idan an kira salla, nakan ce wa dattijon nan, "A dawo lafiya, Baba, zan kula da ofis." Da azumi ba na cin abinci a gabansu. Da babbar Salla yakan aiko mini da nama, da Kirsimeti matata takan kai wa iyalinsa shinkafa. Kwanakin baya da aka kwantar da jikarsa a asibiti, ya tsaya a bakin teburina ya ce, "Ɗana, ka sa ta a addu'a." Na ce zan yi, kuma a daren nan ni da iyalina muka durƙusa muka yi.