Noman bene: rana kyauta ce, lantarki kuwa sai da kuɗi

Duk wanda ya ga hoton cikin irin wannan gona sai ta burge shi. Katafaren gini ne babu ko taga, an jera tiren ganye hawa kan hawa har kusa da rufi, fitilun LED suna zuba musu haske mai launin shunayya, saiwoyinsu na shan ruwan da aka gauraya da sinadaran taki. Ba ƙasa, ba fari, ba fara, ana girbi rani da damina. Ni ma ina fatan a ce wannan noma ya yi nasara, domin ruwan da yake sha kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da noman fili. Sai dai mai zuba jari riba yake nema, kuma zuwa yanzu kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

A 2021 an kimanta kamfanin noman bene na Bowery da ke Amurka a kan dala biliyan 2.3, amma a Nuwamban 2024 ya rufe ƙofa. AeroFarms ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Yunin 2023. Infarm na Jamus ya sallami fiye da rabin ma'aikatansa a ƙarshen 2022, yana kuka da tsadar makamashi. Plenty kuwa, wanda SoftBank, kamfanin zuba jari na Japan, ya jagoranci zuba masa dala miliyan 200 a 2017, har da kuɗin Jeff Bezos, attajirin da ya kafa Amazon, a ciki, shi ma ya je kotun a Maris ɗin 2025.

Wasu na cewa rashin iya shugabanci ne, wasu na ɗora laifin a kan kuɗin ruwa da Babban Bankin Amurka ya ɗaga daga 2022, da tashin farashin gas a Turai bayan Rasha ta afka wa Yukiren. Duk sun taka rawa. Amma a ganina cutar ta fi haka zurfi. Manomin fili yana samun rana ba tare da ya biya ko sisi ba. Wanda ya shiga gini ya rufe kansa sai ya sayi hasken da lantarki, sannan fitilun su ɗumama ɗakin ya sake biyan kuɗin sanyaya shi, ganyen su fitar da danshi ya sake kunna injin tsotse shi. Bayan wannan ɗawainiya duka, abin da zai kai kasuwa latas ne, ganyen da kusan dukansa ruwa ne, wanda mai saye ba zai yarda ya ninka kuɗinsa ba don kawai an noma shi a bene. Alkama da shinkafa da masara, waɗanda su ne ke ciyar da duniya, ba ma a maganarsu, domin kuɗin hasken da suke bukata ya ninka ƙimar hatsin sau da yawa.

Kallon kitse aka yi wa rogo. Masu kuɗi sun sa wa gona farashin kamfanin manhaja. Manhaja idan aka rubuta ta sau ɗaya, sayar wa mutum na miliyan ba ya cin kusan komai. Nan kuwa kowane kan latas sai ya ci nasa lantarkin da nasa ƙwadagon, kuma faɗaɗa aiki na nufin sabon gini na miliyoyin daloli.

Ba na cewa sana'ar ta mutu. Inda ƙasar noma da ruwa suka yi ƙaranci kuma ake shigo da ganye ta jirgin sama, lissafin na iya sauyawa, shi ya sa gonar Bustanica da aka buɗe a Dubai a 2022 take da ma'ana, ga kuma kamfanin jiragen Emirates a matsayin mai saye tun daga tushe. Haka ma amfanin gona mai tsada: Plenty ya fito daga kotu ya mayar da hankali kan sitiroberi a jihar Virginia ta Amurka tare da kamfanin sayar da sitiroberi na Driscoll's, AeroFarms ya koma ƙananan ganyayyaki da ake yanka da zarar sun tsiro. Kafin in sa kuɗina a ɗayansu, zan so a nuna mini lantarkin da kilo ɗaya ke ci, farashin da suke sayen wutar, da sunan wanda ya sa hannu zai kwashe kayan.